Florence Nightingale, Mai Gyaran Gidajen Gajiyayyu

Jama'a da yawa sun san Florence Nightingale saboda jiyyar da ta yi wa sojan Ingila a yaƙin Kirimiya. Amma yau muna so mu ba masu karatu labarin wani aikinta da ba a cika ambata ba, watau yadda ta gyara gidajen da a ke ajiye tsofaffi da marasa lafiya waɗanda ba su da mai duba su.

An haife ta ran 12 ga watan Mayu, 1820, a birnin Florence na ƙasar Italiya, aka sa mata sunan garin. Iyayenta mutanen Ingila ne masu dukiya, ba su kuwa so ta yi aikin jiyya ba, don a zamanin nan ana ɗaukarsa aikin ƙasƙanci ne. Ita dai ta nace. A 1851 ta tafi Kaiserswerth a Jamus, ta yi wata uku tana koyo.

A watan Agusta, 1853, aka ba ta shugabancin wani gida a titin Harley, a Landan, inda a ke kwantar da mata marasa lafiya masu ƙaramin hali. Da yawansu malamai ne da suka koyar da 'ya'yan attajirai a gida. Ba ta karɓi albashi ba, ubanta ke ba ta fam 500 a shekara. Abin da ta fara dubawa shi ne wahalar ma'aikata, don ta lura mai jiyyar da ta wuni tana hawa da sauka da bokiti ba ta da sauran ƙarfin kula da majinyaci. Sai ta sa aka ja famfon ruwan zafi zuwa kowane bene, aka yi na'urar ɗaga abinci daga madafa, aka kuma sa ƙararrawa mai nuna ɗakin da a ke kira. Ta bi littattafan kuɗi, ta riƙa sayen kaya a sari, ta sallami ma'aikatan da ba su da amana. Da kwamitin gidan ya so a karɓi 'yan ɗariƙarsu kaɗai, ta ƙi, har suka sakar mata.

A 1854 ta tafi Scutari, a ƙasar Turkiyya, da mata masu jiyya 38. Da ta komo, jama'a sun tara kuɗi don girmama ta, da su ta buɗe makarantar koyon jiyya a asibitin St Thomas a 1860.

Sa'an nan ta juya kan gidajen matalauta na hukuma. A can matalautan gidan ne ke jiyyar 'yan'uwansu, ba horo, ba albashin kirki, waɗansu ma mashaya ne. A 1865 wani attajirin Liverpool, William Rathbone, ya ɗauki nauyin kuɗi, ita kuwa ta aika da Agnes Jones tare da ƙwararrun masu jiyya 12 zuwa gidan Brownlow Hill, mai majinyata fiye da 1,000. Suka kawo tsabta da tsari, aka kori mashaya. Agnes Jones ta kamu da zazzaɓi a bakin aiki, ta rasu a 1868 tana da shekara 35, amma tsarin ya zauna. A 1867 kuma Majalisar Ingila ta yi dokar ware wa matalautan Landan marasa lafiya wuraren jiyya na kansu.

A 1907 aka ba ta lambar girma ta Order of Merit, ita ce mace ta farko da ta samu. Ta rasu a Landan ran 13 ga watan Agusta, 1910, tana da shekara 90.

To, malamai da akawuna, abin lura a nan shi ne gajiyayye ba ya iya kai ƙara, rayuwarsa tana hannun wanda ke kwana kusa da shi. Saboda haka kyan gini ba shi ne kyan gida ba. Sai an zaɓi ma'aikata masu amana, an hore su, an rage musu wahala, an kuma sami shugaba mai duba aikinsu kullum. Rigakafi dai ya fi magani.