Musa Ɗankwairo: Makaɗin Maradun da muryarsa ta fi iyayen gidansa tsawon rai

Matashin da ya buɗe ido a zamanin wayar hannu, idan ya ji an ambaci Jangebe ko Bakura ko Kaya, abin da ke fara faɗo masa a rai shi ne satar ɗalibai. A Fabrairun 2021 aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe ta ƙasar Talata Mafara. A watan Agusta aka afka wa kwalejin aikin gona ta Bakura. Ranar 1 ga Satumba kuma aka tasa ƙeyar ɗalibai 73 daga sakandaren Kaya ta ƙasar Maradun. Amma tun kafin bindiga ta ƙwace sunayen waɗannan garuruwa, ƙasar Hausa da kiɗa ta san su. A wannan yanki aka haifi Alhaji Musa Ɗankwairo, mutumin da bai taɓa zama ajin koyon kiɗa ba, amma ya bar waƙoƙin da har gobe ake nazarinsu a jami'o'i.

Asali da tashi

An haifi Musa a ƙauyen Ɗankadu na ƙasar Bakura a farkon ƙarni na 20, 'yan shekaru bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903. Mahaifinsa, Usman Ɗankwanda, mutumin Kaya ne, kuma makaɗi ne ɗan makaɗi. Saboda haka Musa a cikin kiɗa ya tashi, kamar yadda ɗan maƙeri ke tashi a bakin zuga. Tun yana yaro ƙarami yake bin mahaifinsa wuraren kiɗa, yana sa baki a amshi.

A nan ya samo laƙabin da ya danne sunansa na yanka. A cikin yaran mahaifinsa akwai wani mai suna Kwairo, wanda aka sani da zaƙin murya. Da aka ji muryar yaron ta ɗauko tasa, sai aka riƙa kiransa Ɗankwairo, sunan kuwa ya bi shi har kabari.

Gidan nasu da kiɗan noma ya fara suna. Wannan kiɗa ne na gayya, inda makaɗi ke bin manoma cikin kunya yana kiran sunan gwani, yana zuga shi har ya manta da gajiya. Makaranta ce mai tsauri, domin a gona ba a ɓoye gazawa. Idan waƙa ba ta motsa mai garma ba, nan take kowa zai gani. Daga baya gidan ya jingina da fadar Sarkin Kayan Maradun, kotso ya zama abin kiɗansu, yabon manoma ya koma yabon sarakuna. Da Usman Ɗankwanda ya rasu, wan Musa, wato Kurya, shi ya gaji shugabancin ƙungiyar, Musa kuma ya zama Daudun kiɗi, mai bi masa a muƙami.

Yankin ba shi da ƙarancin gwanaye a lokacin. A Isa akwai Ibrahim Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir Ahmadu. A cikin ƙasar Maradun ɗin kanta akwai Sa'idu Faru, wanda ya shahara da waƙoƙin Sarkin Kudu Muhammadu Macciɗo, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar na III, wanda ya riƙe ƙasar Talata Mafara. Duk mai son a ji shi a tsakanin irin waɗannan, dole ya zo da nasa salo.

Yadda ake ƙera waƙar

Salon Ɗankwairo yana cikin yadda ya sarrafa 'yan amshinsa. A waƙar fada akwai gindin waƙa, wato layin da ake komawa gare shi a kai a kai, sannan akwai ɗiya, wato sassan da jagora ke zubawa tsakanin amshi da amshi. A wurin makaɗa da yawa, aikin 'yan amshi bai wuce maimaita gindin ba. A wurin Ɗankwairo kuwa, sai jagora ya ɗauko magana ya sake ta a tsakiya, 'yan amshi su cafe su ƙarasa, wani lokaci su yi ƙari a kanta, kafin a faɗa gindi gaba ɗaya. Muryoyin suna shiga juna ba tare da karo ba, kotso na tafe a ƙarƙashinsu yana bin hawa da saukar harshe.

Wanda ya san aikin situdiyo zai gane nauyin wannan. Matashi mai koyon haɗa sauti a Gusau ko Kano yau yakan ɗauki murya ɗaya, ya ɗora wata a kanta, ya goge kuskure, ya maimaita har sai ta zauna. Ƙungiyar Ɗankwairo a tsaye take yin wannan duka, a gaban sarki da fadawa, babu takarda, babu damar a dawo baya. Abin da ke riƙe da waƙar shi ne hadda da yawan bita da sanin numfashin juna.

Kalmomin ma ba a zuba su kara zube. Waƙar sarki tana da sassa sanannu: yabo, da jero nasaba, da zuga, da roƙo, da kuma zambo da habaici. Zambo shi ne makamin siyasar fada. Ana yin sa ne ga abokan hamayyar sarki, galibi 'yan uwansa masu harin gadon sarauta, ba tare da kama suna ba. Sai a siffanta mutum da wata dabba, ko da wata tawaya ta jiki ko ta hali, yadda duk wanda ke gari zai san da wa ake. Ɗankwairo ya iya wannan ƙwarai, kuma ya yi shi da Hausar Zamfara tsantsa, bai sassauta karin harshensa don kunnen Kano ko Zariya ba.

Sardauna da siyasar Jamhuriya ta Farko

Abin da ya fitar da shi daga Maradun zuwa faɗin Arewa shi ne haɗuwarsa da Sir Ahmadu Bello. Sardauna ba baƙon Zamfara ba ne, domin tun 1938 aka tura shi Gusau yana kula da gundumomin gabashin Sakkwato, ya kuma san makaɗan yankin. Masu tarihin Ɗankwairo sun ruwaito cewa da Firimiyan ya nemi makaɗi daga Sarkin Maradun, girma ya riga ya kama Kurya, sai aka tura ƙanensa. Daga nan ya shiga yi wa Sardauna waƙoƙi, waɗanda wasunsu suna cikin fitattun waƙoƙin siyasar wancan zamani.

A nan ya kamata mai karatu ya buɗe ido. Waƙoƙin sun yi kyau, amma suna da ɓangare. Jam'iyyar NPC ta dogara ne da sarakuna da hukumomin En'e, abokiyar hamayyarta NEPU kuwa, wadda aka kafa a Kano a 1950, ta tsaya a kan cewa wannan tsari ne ke danne talaka. Magoya bayanta da dama sun ɗanɗana kotunan alƙalai da gidajen yarin En'e. Ita ma tana da nata mawaƙa, irin su Gambo Hawaja da Mudi Sipikin. Da Ɗankwairo ya ɗauki salon da ake yi wa sarki ya yi wa Firimiya, ya jero masa nasabarsa zuwa ga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, to ya taimaka wajen sa wa kujerar zaɓe rigar gado. Wannan hidima ce ta siyasa, ko da kuwa da kotso aka yi ta.

Ranar 15 ga Janairun 1966 sojoji suka kashe Sardauna a Kaduna. A shekarun da suka biyo baya aka karɓe 'yan doka da kotuna da gidajen yari daga hannun sarakuna, sannan gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙarasa rage musu iko. Makaɗin da ya rasa babban ubangidansa bai ajiye kotso ba. Ya yi wa Sarkin Daura Muhammadu Bashar, da Sarkin Kano Ado Bayero, da sauran sarakuna da attajirai. Waƙarsa ta 'Yandoton Tsafe Aliyu ita ce babbar shaidar ƙarfinsa: basaraken da mulkinsa bai wuce ƙasar Tsafe ba, yau ana rera sunansa a Maraɗi da Kumasi, a bakin mutanen da ba su taɓa taka Tsafe ba.

Kiɗan fada yana da iyaka, kuma ƙasarsa ta haihuwa ta nuna iyakar. A 1978 aka kammala madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato. Ruwa ya cinye gonaki a ƙasar Maradun, aikin noman rani ya taɓa filayen Talata Mafara da Bakura, manoma suka tashi neman diyya. A Afrilun 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe musu wuta. Gwamnati ta ba da adadi kaɗan na mamata, masu bincike kuwa suka ce ɗaruruwa ne. Waɗannan su ne irin manoman da gidan Ɗankwanda ya fara yi wa kiɗa. Amma waƙar fada sama take kallo, ba a gina ta don ɗaukar kukan talaka ba.

Murya a cikin na'ura

Da a ce Ɗankwairo ya zo duniya shekara hamsin kafin lokacinsa, da yanzu sai dai labarinsa. Sa'arsa ita ce ganiyarsa ta zo daidai da na'urar ɗaukar magana. A 1962 aka buɗe gidan rediyo da talabijin na Arewa a Kaduna, waƙar da a da sai wanda ke ƙofar fada zai ji ta, ta shiga kowane zaure mai akwatin rediyo. Da kaset ya yaɗu a shekarun 1970 da 1980, sai ta koma tashar mota da teburin mai shayi. Na'ura ta daskarar da abin da a da yake sauyawa a kowane zama, ta kuma fitar da waƙar daga hannun wanda aka yi wa ita.

Abin da na'urar ba ta kawo ba shi ne tsarin biya. Makaɗin fada da kyauta yake rayuwa: riga, doki, hatsi, kuɗi, daga baya mota. Mai kwafar kaset a kasuwa ba ya cikin wannan lissafi, haka ma mai ɗora waƙa a YouTube ko TikTok a yau. Alhali dokar haƙƙin mallakar fasaha ta Najeriya ta 2022 ta kare waƙa har shekara 70 bayan rasuwar mai ita, shi kuma sautin da aka ɗauka shekara 50. Ɗankwairo ya rasu a 1991, shekara biyar kafin a ƙirƙiro Jihar Zamfara. Ma'ana, ko da wa'adin tsofaffin faya-fayan shekarun 1960 ya cika, waƙoƙin kansu suna ƙarƙashin kariyar doka har ƙarshen 2061, kuma magadansa na da hurumin magana a kansu.

'Ya'yansa da jikokinsa sun ci gaba da riƙe kotso. Masana irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero sun rubuta tarihinsa, sun feɗe salonsa. Mawaƙan siyasar yau, masu yabon ɗan takara da gugar zana ga abokin karawarsa, a kan turbar da irinsu Ɗankwairo suka share suke tafiya, duk da cewa kwamfuta ta maye gurbin 'yan amshi. Mai sauraronsu yana da haƙƙin ya yi musu tambayar da ta dace da shi ma: wa aka yaba, wa ya biya, wa aka bari a waje?

Saura aiki ɗaya da ba ya jira. Zaren kaset yana lalacewa da zafi da ƙura da daɗewa, kuma abin da ke yawo a intanet yawanci kwafin kwafi ne, muryoyin sun dusashe, babu shekara, babu sunayen 'yan amshi. Tattara asalin faya-fayan daga gidajen rediyo da hannun iyalai, a mayar da su na zamani, a rubuta wanda ya yi me, aiki ne da bai fi ƙarfin gwamnatin jiha ko jami'a guda ba. Dattawan Maradun da Bakura da za su iya jin murya su ce ta wane ce, kullum raguwa suke yi.