Graziadio Ascoli, Masanin da Ya Ɗaukaka Karin Harsunan Italiya

An haifi Graziadio Isaia Ascoli a ranar 16 ga Yuli, 1829, a garin Gorizia, wanda a lokacin yake ƙarƙashin daular Ostiriya. Iyayensa Yahudawa ne attajirai. Ya tashi a garin da ake jin Italiyanci da Jamusanci da harshen Sulobeniya da kuma na Firiyuli. Bai taɓa zama ɗalibin jami'a ba, da himmarsa ya nemi ilimi. A 1846, yana ɗan shekara goma sha bakwai, ya wallafa nazarinsa na farko, inda ya kwatanta harshen Firiyuli da na Romaniya.

A 1861 ya fara koyarwa a babbar cibiyar kimiyya da adabi ta Milan, kuma a nan ya ƙare aikinsa. A 1870 ya fitar da darussansa kan kwatancin tsarin sautin Sanskirit da Girkanci da Latinanci. Daga bisani ya ƙarfafa ra'ayin cewa idan al'umma ta bar harshenta ta rungumi wani, tsohon harshen kan bar sawunsa a furucin sabon.

Babban aikinsa ya bayyana a 1873, sa'ad da ya kafa mujallar Archivio glottologico italiano domin nazarin karin harsunan ƙasar. A lokacin Italiya ba ta daɗe da haɗuwa ta zama ƙasa ɗaya ba, kuma mafi yawan jama'a karin yankinsu kaɗai suke iya magana da shi. A 1868 shahararren marubucin nan Alessandro Manzoni ya ba gwamnati shawarar a ɗauki maganar masu ilimi na birnin Fulorans a yaɗa ta ta hanyar makarantu da ƙamus. A gabatarwar mujallarsa Ascoli ya ƙalubalanci wannan shawara. A ganinsa, harshen ƙasa ba ya kafuwa da umarni, sai ilimi ya yaɗu, rubuce-rubuce sun yawaita, jama'a sun cuɗanya. Haka kuma bai yarda a raba yaro da karin gidansu ba, gwamma ya riƙe shi tare da daidaitaccen harshe.

Wannan muhawara ba baƙuwa ba ce ga ɗaliban da suka fito daga Ƙonni ko Malbaza ko Illela. Wanda ya tashi yana cewa tahi da gidanai, a littafi yakan tarar da tafi da gidansa, domin daidaitacciyar Hausa ta fi jingina da Kananci. Abin da Ascoli ya nuna shi ne, irin wannan bambanci hujja ce ta tarihin harshe wadda ta cancanci a tattara, a rubuta, a kwatanta.

An naɗa shi sanata a 1889. Ya rasu a Milan ranar 21 ga Janairu, 1907.