Babatu, mahayin da kabarinsa ke Yendi

Samarinmu na Sabonjida suna son fim ɗin yaƙi, musamman irin na mahayan ƙasar Hangari masu sukuwa da takobi. Ni kuwa ina ganin ba sai mun je Turai neman labarin doki ba. Ga kabarin Babatu nan a Yendi, gabas da Tamale, tafiyar da ba ta kai wuni ba.

Babatu Bazabarme ne, daga ƙasar da yau ake kira Nijar. Wajen 1860 ya shigo Dagbon cikin ayarin Alfa Hano da Gazari. Da fari fataucin dawaki ya kawo su. A lokacin Dagomba na biyan Asante haraji da bayi, sai suka ɗauki baƙin nan sojan haya zuwa ƙasar Gurunsi. Da Zabarmawa suka ga ƙarfinsu ya kawo, sai suka ɓalle, suka kafa sansaninsu a Kasana. Bayan mutuwar Alfa Hano da Gazari, jagoranci ya dawo hannun Babatu.

To, ina sirrin nasararsa? Sauri ne. Ƙauyukan Gurunsi ba su da sarki ɗaya, balle rundunar dawaki. Kafin wannan gari ya kai wa wancan ɗauki, mahaya sun faɗo sun kwashe mutane sun wuce. A 1887 har Wa sai da ya ci. Waɗanda aka kama, wasu aka kora su kasuwa irin ta Salaga, aka musanya da dawaki da bindigogi. Samari kuma aka mai da su sojoji.

Nan ɗin ne kuwa ya karya shi. Amariya, ɗan ƙasar da aka kama tun yana yaro, ya girma a rundunar har ya zama babban kwamanda, sannan ya yi tawaye wajen 1894. Ya haɗa kai da Faransawa, suka fatattaki Babatu a Gandiaga a watan Maris na 1897. Doki ba ya tsere wa harsashi. Babatu ya koma Yendi, can ya rasu a 1907.

Malam Abu ya rubuta tarihin Zabarmawan da Hausar ajami a 1914. Mutanen Bulsa su ma ba su manta ba, duk Disamba suna bikin Feok a Sandema don tunawa da yadda kakanninsu suka kore shi.

Ni dai abin da nake roƙo, in Allah ya sa wani ɗanmu ya shirya fim ɗin Babatu, kada ya tsaya kan ƙurar dawaki kawai. A zangonninmu akwai jikokin mahayan, akwai jikokin waɗanda aka ɗaure, sahu ɗaya suke sallah, har sun yi auratayya. Dole a nuna kakannin kowa.