Tarihin Henri Mignet, mai jirgin sama ƙirar gida

An haifi Henri Mignet, wanda ake furta sunansa Minye, a ranar 19 ga watan Oktoban shekarar 1893 a yankin Charente-Maritime da ke yammacin ƙasar Faransa.

Shi dai ba injiniyan jiragen sama ba ne. Aikin rediyo ya koya, kuma shi ne aikin da ya yi wa rundunar sojan Faransa a lokacin yaƙin duniya na ɗaya. To amma tun yana matashi hankalinsa na kan sararin samaniya.

A shekarun 1920 ya ƙera jirage iri-iri da hannunsa, akasarinsu ba su yi abin kirki ba. Na takwas, wato HM.8, shi ne ya tashi sosai, har wasu masu sha'awa suka kwaikwayi ƙirarsa.

Babbar matsalar Mignet ita ce tuƙi. A jirgin da aka saba da shi, tilas matuƙi ya haɗa aikin hannu da na ƙafafu a lokaci guda, shi kuwa abin ya yi ta gagararsa. Maimakon ya ɗora wa kansa laifi, sai ya ɗora wa jirgin, ya ƙuduri aniyar ƙera wanda kowa zai iya sarrafawa.

Ƙwarƙwatar sama

Ya kafa tanti a wani daji kusa da garin Soissons, ya shafe watanni yana gwaji, yana faɗowa, yana gyara abin da ya karye. A ranar 10 ga watan Satumban 1933 jirginsa HM.14 ya tashi a karon farko.

Jirgin na katako ne da fale-falen itace da yadi, an haɗa shi da gam da ƙusoshi. Injin babur mai ƙarfin doki 17 ne ke juya farfelarsa, kuma faɗin fiffikensa bai wuce kimanin mita shida ba.

Fukafukai biyu gare shi, ɗaya a gaba a saman matuƙi, ɗaya a baya ƙasa kaɗan. Babu abin takawa da ƙafa. Sanda guda ce ke yin komai: idan aka ja ta baya ko aka tura ta gaba, fiffiken gaba ɗungurungum ne ke karkata, idan aka kai ta dama ko hagu, sai wutsiya ta juya.

Ya raɗa masa suna Pou du Ciel, wato ƙwarƙwatar sama. Turawan Ingila kuma suka mayar da ita ƙuma mai tashi.

A ƙarshen shekarar 1934 ya wallafa littafinsa Le Sport de l'Air, mai ɗauke da zane da awon kowane sashe na jirgin. A ganinsa, duk wanda ya iya harhaɗa akwatin katako zai iya ƙera jirgin sama. Wannan magana ta ratsa zukatan ma'aikata da ƙananan 'yan kasuwa, a zamanin da tuƙin jirgi ya kasance na soja da attajirai kawai.

A ranar 13 ga watan Agustan 1935 ya tsallake tekun da ya raba Faransa da Ingila a cikin jirgin nasa, ya sauka a filin Lympne. Aka fassara littafin zuwa Turanci, kuma nan da nan ɗaruruwan mutane a ƙasashen biyu suka duƙufa sassaƙa fukafukai a gareji da bayan gida.

Haɗurra

Murnar ba ta daɗe ba. A cikin watan Agustan na 1935 wani matuƙi ya mutu a Aljeriya, wasu kuma suka biyo baya a Faransa. A Birtaniya mutane uku ne suka hallaka tsakanin Afrilu da Mayun 1936, biyu daga cikinsu hafsoshin sojan sama. Ke nan ba za a ce rashin iya tuƙi ba ne.

Kusan duka haɗurran iri ɗaya ne: jirgi ya sunkuyar da kai, ya ƙi ɗagowa, ya yi ta nutsawa har ƙasa.

Gwajin da aka yi a ɗakunan hura iska na Chalais-Meudon a Faransa da Farnborough a Ingila a 1936 ya gano dalili. Fiffiken gaba ya ɗan hau kan na baya. Idan jirgin na gangarowa da gudu matuƙi ya ja sanda don ya ɗago shi, gefen bayan fiffiken gaba kan matso kusa da na bayan, ratar da ke tsakaninsu ta ƙuntata. Iskar da ke kutsawa ta wannan rata sai ta ƙara wa fiffiken baya ƙarfin ɗagawa, bayan jirgin ya yi sama, hancinsa ya ƙara yin ƙasa. Wato abin da matuƙi zai yi don tsira shi ne ke gaggauta ajalinsa.

Hukumomin ƙasashen biyu suka taka wa jirgin birki. Laifin Mignet a nan a fili yake: ya miƙa wa jama'a ƙirar da shi kaɗai ya gwada, a hankali, da ƙaramin inji, alhali wasu maƙeran sun ɗora injuna masu ƙarfi sun kuma sauya awo yadda suka ga dama.

Sai dai bai yi gardama da sakamakon binciken ba. Ya sauya siffar fukafukan, ya gyara tazarar da ke tsakaninsu, kuma matsalar ta kau a jiragen da suka biyo baya. Amma sunan jirgin ya riga ya ɓaci, musamman a Birtaniya.

Shekarun ƙarshe

A 1937 ya tafi Amurka da niyyar kafa kamfani a kusa da Chicago, abin bai yi albarka ba ya koma gida. A 1944, yaƙin duniya na biyu na gab da ƙarewa, aka harbe matarsa Annette, wadda ta daɗe tana taya shi aikin jiragensa.

Bayan yaƙin ya fitar da ƙirar HM.290 da HM.293, sannan ya shiga yawon duniya: Ajantina, Brazil, Japan da Maroko, ko'ina yana zana sabon jirgi, ko'ina kuma kasuwar ba ta kankama ba.

Ya rasu a ranar 31 ga watan Agustan 1965 a kusa da birnin Bordeaux, yana da shekaru 71. Har yanzu masu ƙera jirgi a gida, galibi a Faransa, na harhaɗa HM.293 suna tashi da shi.