Colin Chapman: Ɗalibin da ya fara da akwalar mota, ya ƙare da kofunan duniya

Duk ɗalibin injiniyanci da ya taɓa shiga aikin haɗa motar tsere ya san inda gizo ke saƙar. Zane a kwamfuta ba ya cin kuɗi, amma ranar da aka zo neman rak ɗin sitiyari da zai dace da motar, a nan ido ke raina fata. Sabo ya yi tsada, na tsohuwar mota kuma ya yi tsawo ko ya yi nauyi. To wannan ciwon kan ba yau ya fara ba. Wanda ya kafa kamfanin Lotus, Colin Chapman, da shi ya fara rayuwarsa, kuma yadda ya warware shi ne ya ɗaukaka sunansa.

An haifi Chapman a ranar 19 ga Mayu, 1928, a Ingila. Mahaifinsa yana kula da wani otal a unguwar Hornsey da ke arewacin Landan. Ya karanci injiniyancin gine-gine a University College London, yana karatu yana ɗan buga-bugar sayar da tsofaffin motoci. A 1947 gwamnati ta tsuke rabon fetur, kasuwar ta faɗi, aka bar shi da wata tsohuwar Austin 7 da ta ƙi sayuwa. Maimakon ya zauna yana kuka, sai ya tura ta garejin iyayen budurwarsa Hazel Williams, ya kwance ta, ya yi mata sabon jiki mara nauyi da katako da alminiyam. A 1948 ta fito gasa. Ita ce Lotus ta farko.

A 1952 ya kafa kamfaninsa, kuma Hazel ce ta ba shi fam 25 na jari. Bayan shekara biyu suka yi aure. Ɗakin aikinsa na farko tsohon bargar dawakai ne a bayan otal ɗin mahaifinsa, kuma a farkon lamari da rana yana aikin albashi a kamfanin alminiyam, da dare ne yake ƙera motoci.

Mutumin da ke wannan hali ba shi da kuɗin ƙera kowane ƙarfe da kansa. Dabararsa ita ce ya ware abin da dole shi zai zana, wato ƙashin motar da yadda tayoyi ke haɗe da shi, sauran kuma ya ɗauko daga motocin talakawa da ake ƙerawa dubu-dubu. Inji da giya daga Ford, sitiyari daga wani wuri.

Bari mu ɗan tsaya a kan rak ɗin. Wani dogon ƙarfe ne mai haƙora da ke kwance tsakanin tayoyin gaba. A ƙarshen sandar sitiyari akwai ɗan ƙaramin giya da ke cizon haƙoran, idan direba ya murza sitiyari sai rak ya zame hagu ko dama, ya ja tayoyin. Yanka waɗannan haƙora daidai yana buƙatar injina masu tsada, shi ya sa ƙananan masu ƙira ke aro. Amma aron ma sai da lissafi. Idan tsawon rak ko tsayin inda aka ɗaure shi bai yi daidai da hannuwan da ke riƙe da taya ba, duk sanda motar ta taka gargada tayoyin za su karkata da kansu, direba bai taɓa komai ba. A gudun tsere, wannan kaɗai ya isa ya jefa mutum daji.

Chapman ya gane wannan sarai. A shekarun 1950 ya yi amfani da rak na Morris Minor a wasu motocinsa, yana gyara shi ya dace. Da Triumph Herald ta fito a 1959, sai ya koma ɗaukar nata, har da ƙarafan da ke riƙe tayoyin gaba. Lotus Elan ta 1962 da irin wannan rak ta fito, kuma har gobe masana mota na sa ta cikin motocin da suka fi daɗin sitiyari a tarihi. Kayan na motar cefane ne, lissafin wurin ɗaurawa ne nasa.

Daga nan likkafa ta ci gaba. Lotus ta shiga gasar Formula 1 a 1958. A 1962 ya fito da Lotus 25, wadda jikinta kansa ne ƙashinta, abin da sauran kamfanoni suka kwaikwaya. Jim Clark ya lashe gasar duniya a 1963 da 1965, ya kuma ci tseren Indianapolis 500 na Amurka a 1965. A ƙarƙashin Chapman, Lotus ta ɗauki kofin masu ƙera motoci sau 7, na direbobi sau 6.

Sai dai fa labarin ba duka ne mai daɗi ba. Tsananin son rage nauyi ya sa an sha zarginsa da ƙera motoci masu saurin karyewa. Jochen Rindt ya taɓa rubuta masa wasiƙar koke kan haka a 1969, kuma a 1970 ya mutu cikin Lotus a filin Monza na Italiya. Shi kaɗai ne direban da aka ba kambun duniya bayan mutuwarsa. Clark ma a cikin Lotus ya mutu a Jamus a 1968. A ƙarshen rayuwarsa kuma sunan Chapman ya shiga badaƙalar kuɗin gwamnatin Birtaniya da aka zuba a kamfanin DeLorean. Bai gurfana a kotu ba, domin bugun zuciya ya kashe shi a ranar 16 ga Disamba, 1982, yana da shekara 54.

A yau ɗalibai daga ƙasashe da dama na haɗa motocinsu suna kai wa gasar Formula Student a Ingila, kuma tambayar ba ta canza ba: wanne za mu saya, wanne za mu ƙera? Ga mai shirin shiga kasuwar kayan gyara neman rak, ya tafi da ma'auni a hannu, ya san tsawon da zanensa ke buƙata kafin ya tambayi farashi. Idan kuma ana neman inda za a rage nauyi ko kuɗi, a bar sitiyari da birki a gefe, domin abokinka ne zai zauna a cikin motar.