Dorugu, Yaron Ƙauyen da Ya Koya wa Turawa Hausa

Ɗalibanmu kan ɗauka da Abubakar Imam aka fara buga labaran Hausa da boko. To, akwai wanda ya riga shi da nisa, sunansa Dorugu.

An haife shi wajen 1840 a Dambanas, wani ƙauyen manoma irin namu a ƙasar Damagaram. Yana yaro mahara suka kama shi, aka sayar da shi, har ya faɗa Kukawa ta Barno. Can wani Bajamushe, Overweg, ya 'yanta shi. Da Overweg ya rasu a 1852, sai ya bi Dakta Barth har Tambutu, suka biyo ta Kano, suka isa Ingila a 1855.

A Ingila ne ya zauna da Rabaran Schön, wanda ya daɗe yana fama da Hausa. Dorugu na faɗa, Schön na rubutawa: tatsuniyoyi, da labarin bautarsa, da yadda ya ga Turawa na cin abinci da gaishe-gaishe. A da Bature ne ke zuwa ya kwatanta mu. Wannan karon Bahaushe ne ya ƙare musu kallo. Aka yi masa baftisma da suna James Henry.

Littafin, Magana Hausa, ya fito a 1885 da sunan Schön a bango. Mu dai a ganinmu an rage wa mai maganar haƙƙinsa. Ya dawo gida Afirka, ya yi aikin tafinta, daga baya ya koyar a makarantar Ɗan Hausa da ke Nasarawa. A Kano ya rasu, 1912.