Likita Korcak da Marayunsa

A ƙasar Polan, a wani wuri da a ke kira Treblinka, akwai fili cike da duwatsu wajen 17,000. An kakkafa su domin tunawa da Yahudawan da Jamusawa su ka hallaka a wurin cikin babban yaƙi na biyu. Waɗansu su na ɗauke da sunayen garuruwa, amma ɗaya tak ke da sunan mutum, watau Yanush Korcak.

Shi Bayahude ne, haifaffen birnin Warso, likita kuma mawallafin littattafan yara. A 1912 ya bar aikin asibiti ya zama uban gidan marayu. Abin mamaki, yaran su na da kotu tasu, har shi kansa su kan kai shi ƙara, ya kuwa tsaya a yi masa shari'a!

A 1940 Jamusawa su ka tsare Yahudawan Warso cikin unguwa guda, su ka kewaye ta da ganuwa. Yunwa ta yi tsanani. Tsohon ya riƙa bin gida gida ya na roƙo domin marayunsa. Abokansa su ka nemi su fitar da shi a ɓoye, ya ƙi, gama ba ya iya barin yaran.

Cikin watan Agusta 1942 soja su ka zo. Ya jera yara wajen 200, ya tafi tare da su har tashar jirgin ƙasa mai zuwa Treblinka. Ba wanda ya komo.

A 1978 a ka sa dutsensa. An rubuta sunansa a kai, an kuma ambaci yaran a ƙarƙashinsa.